Tekun da Kaka Ya Bari a Zaure

Na Allah ne mu duka, wurinsa kuma aka nufa. Kaka dai ya riga mu isa. An kai shi da hantsi, masu haƙar kabari suna cewa ba su taɓa sarar ƙasa mai tauri irin ta bana ba. Kafin maza su dawo daga maƙabarta gida ya cika tun daga ƙofa har bakin madafa. Na zaci kuka zan yi ta ji. An yi kukan, ba laifi. Amma abin da ya fi yawa shi ne turereniya a zaure, kowa na son ya leƙa akwatin gilashin da Kaka ya yi shekara da shekaru yana kiwon kifi a ciki.

Wata tsohuwa daga Tirmini ta dafa gilashin da hannu mai maiƙo, ta shafa a fuska. Wani fonksiyone, ma'aikacin gwamnati abokin aikin Baffa ɗan Kaka, ya toshe hanci da hankici ya ce, "Allah ya jiƙan Alhaji, amma wannan abu har ina? Gari ba ruwan sha, shi yana zuba wa ruwa gishiri." Aka yi 'yar dariya ƙasa-ƙasa, alhali tabarmar da aka yi masa wanka a kai ko bushewa ba ta yi ba. A ɗaya gefen mata na raɗa cewa duwatsun da ke ciki daga tekun Makka aka ɗebo su, ruwan ma magani ne. Rabin masu gaisuwa sun ɗauke shi taɓaɓɓe, rabi sun ɗauke shi waliyyi. Ni da na yi shekaru ina ɗora masa tukunya na san ba ko ɗaya, kuma ba na so a bar wa jikokinsa zaɓi tsakanin ƙarya biyu. Shi ya sa na zauna na rubuta wannan.

Ina tsaye da buta a hannu na ga Goggo, babbar 'yarsa, ta gutsuro gumbar sadaka ta jefa wa kifin. Maganar ƙarshe da Kaka ya yi mini yana cikin hankalinsa ita ce: "Amarya, ga kifin nan. Ki tsare mini su daga masu tausayi."

Amarya yake ce mini, irin tsokanar kaka da jika, ni kuma in ce masa Ango. Gidan aurena na jingine da nasa a Kara-Kara, akwai 'yar ƙofa tsakani, tun rasuwar kakarmu ni ce mai abincinsa.

Ɗan manoma ne daga Gouna. Yana saurayi ya bi alhazai ta ƙasa, ya sauke farali, guzuri ya ƙare, ya tsaya aikatau a Jidda gidan wani attajiri. A ɗakin baƙin mutumin akwai akwatin gilashi cike da ruwan teku da kifi masu launi, Kaka ne mai wanke shi. Ba wannan ne ya kama zuciyarsa ba. Wata rana wani masunci ya ɗauke shi a kwalekwale, ya miƙa masa bokiti mai gindin gilashi, ya ce ya danna shi a ruwa ya leƙa. Labarin nan na ji shi har na haddace.

"Amarya, lambu ne a ƙarƙashin ruwa. Dutse mai rassa kamar ƙahon barewa, wani ja, wani shuɗi, wani kamar an ƙunsa masa lalle, kuma yana numfashi. Na yi ɗawafi ban yi kuka ba, Allah ya yafe mini. A cikin kwalekwalen nan na yi."

Da zai dawo ya ɓalle rassan dutsen nan, murjani ke nan, ya zuba a adaka. Kafin ya iso Damagaram launin ya tafi, sun koma farare fat.

Wani mai yanka gilashin taga ya haɗa masa akwatin, tsawonsa ya kusa tabarmar salla. Teku dai gishiri ne, in ji Kaka, mu kuma in akwai abin da Allah ya hore mana to gishiri ne. Ya sayo kantu, gishirin Bilma da ake ba dabbobi, ya daka ya zuba. Kakarmu ta ce ba a jima ba ruwan ya koma kamar miyar kuka, har da kumfa, don kantu rabinsa ƙasa ne da abin da raƙumi ya taka. Sai ya koma beza, farin gishirin miya, yana narkawa yana tacewa da tsohon rawani. Kifin teku ba ya samuwa a nan, don haka direbobi suka riƙa kawo masa 'yan karfasa daga tafkin Gidimuni cikin bido, jarkar ruwa. Na farko duk sun mutu, ya jefa su cikin gishiri kai tsaye. Daga baya ya koyi ƙara musu kaɗan-kaɗan har su saba. Ma'auninsa harshensa ne. Ya tsoma yatsa cikin ruwan da kifi ke kashi a ciki, ya lasa, ya lumshe ido, ya ce, "Saura kaɗan ya kai Jidda." Bai taɓa kaiwa ba.

Abokiyar gabarsa gansakuka ce. Ni a da na ɗauka iri ɗaya ce, wadda ke kwanciya a kan tabki. A zauren Kaka na ga kala-kala. Akwai koriya mai laushi da ke lulluɓe gilashi. Akwai mai gashi da ke kama rassan murjani tana kaɗawa kamar gemun bunsuru. Akwai kuma wata ja-ja mai yauƙi da ke shimfiɗuwa a kan yashi, in an ɗaga ta sai ta taso faifai guda, da wari irin na tsumman da aka manta a jiƙe. Wannan ta ƙarshen ko yanzu na tuna ta sai yawu ya taru mini a baki.

Shi kuwa da idon manomi yake kallonta. "Shuka ce," in ji shi. "Me shuka ke so? Rana da taki. Hana ta su ki gani." Rana dai ya hana ta: akwatin na lungun zaure, in hantsi ya leƙo ya rufa masa buhu. Taki kuwa shi ne duk abin da ya shiga ruwan bai fita ba, kashin kifi da abincin da ba su cinye ba. Saboda haka abincinsu bai wuce ɗan abin da yatsu biyu za su tsinko na dusa ba, sau ɗaya a yini, yana tsaye a kansu. In ƙwaya ta nutse ba a ci ba sai ya bi ta da ludayi. Yakan ce, "Ban taɓa binne kifin da yunwa ta kashe ba. Duk wanda na binne ƙoshi ne ya kashe shi." Gilashi da reza yake kankare shi, duwatsu da tsohon buroshin haƙori. Safe da yamma yana hura wa ruwan iska da famfon keke, don bai yarda da kuran, wutar lantarki, ba, ya ce abin da ke tafiya ba sallama ba a ba shi amanar rai.

Juma'a kafin masallaci ita ce ranar tiyo. Zai tura baki ɗaya cikin yashin gindi inda dauɗa ke kwanciya, ya sa ɗayan a bakinsa, ya zuƙa don ruwan ya biyo. Ba kullum yake cirewa a kan kari ba. Na sha ganin baƙin ruwan nan ya cika masa kumatu, ya tofar a tasa, ya goge gemu da bayan hannu.

"Ango, wallahi yau ba na cin abinci kusa da kai."

"Wa ya gayyace ki? Miƙo buta."

"Da bakin nan za ka je ka karanta Fatiha?"

"Da shi mana. Wanda ya halicci kifin shi ya halicci abin da ke fita daga kifin. Ke dai kawo asuwaki, uwar tsabta."

Ba ya zubar da ruwan duka, abin da yake janyewa bai fi tulu ba, ya mayar da sabo. Sabon kuma ruwan sama ne da yake tarawa a tano, gangar ƙarfe, da damina, ya rufe ya ɗaure, don ya ce shi kaɗai ne ba shi da taki. Sai sama ta ɗauke. Damina ta zo ta yi sallama daga ƙofa ta wuce, ta gaba ma haka. Tanon Kaka ya ƙafe. Pampon unguwa sai ya yi kwanaki yana huci ba ɗigo. Muka koma ga 'yan garuwa, su kuma suna kwarfo abin da ya saura a gindin rijiyoyin bakin tabki, inda shanu da jakuna suka shekara suna fitsari. In an bar ruwan ya kwanta yakan yi kyan gani, amma gansakuka ba ta ruɗuwa da kyan gani. Nan da nan ta rufe gilashi, ta hau murjani, har kifin sai inuwarsu ake gani. Kaka ya tsaya yana kallo, hannu a ƙugu, ya ce, "Gero ya ƙi fitowa a Gouna, ga ni nan na yi yabanya a zaure."

Faɗanmu na gaske guda ɗaya ne. Ranar na bi layin pampo tun bayan asuba, na samo tulu ɗaya da ƙyar, na shiga ɗaki na fito na tarar ya juye rabi yana narka beza a ciki. Ruwan da aka sa wa gishiri kuwa ya tashi aiki. Ba a sha, sabulu ba ya kumfa a ciki, akuya ta sunsuna ta kau da kai, na taɓa zuba wa zogalena ya ƙone. Ranar ban ce Ango ba.

"Kaka, ka ji tsoron Allah. 'Ya'yana jiya da ƙishi suka yini."

Na nuna masa murjanin da ke cikin akwatin.

"Kuma waɗannan ba duwatsu ba ne. An koya mana a kwalej. Wasu 'yan halittu ne suka gina su, sun mutu tun kana hanya. Ƙasusuwa ne. Gawa kake wa wanka, ba za su sake yin ja ba har tashin ƙiyama."

Na zaci zai ɗaga murya. Ya ci gaba da motsa gishirin da ludayi.

"Tun ban ƙetare Sudan ba na sani," in ji shi. "Wari suka yi a adaka har abokan tafiya suka so su jefar."

"To don me?"

"Ni na ciro su daga inda suke raye, ba wanda ya aike ni. Ƙaramin abin da zan yi musu shi ne kada in bari ƙazanta ta rufe su." Ya aje ludayin. "Amma maganar 'ya'yanki gaskiya ce."

Daga ranar bai sake taɓa randata ba. Ya bar shayi, shi da ba ya iya buɗe ido sai da shi. Wanka sai Juma'a. Alwala sau ɗaya-ɗaya, iyakar farilla. Abin da ya rage daga rabonsa yake tacewa ta cikin fasasshiyar tukunya mai gawayi da yashi, ya tara wa kifin. Ban ji daɗin wannan nasara ba. Leɓɓansa suka tsage, rigarsa ta fara tsami, in na kai masa abinci sai in riƙe numfashi, in fito ina jin kunyar kaina. Na ce ya dawo ya riƙa ɗiba. Ya ce, "Amarya ta yi yaji sau ɗaya, ba zan jawo na biyu ba."

Da yunwa ta koro danginmu daga Gouna, zaure da tsakar gida suka cika. Abinci jar dawar taimako ce, sau ɗaya a yini. Da la'asar, sa'ad da yara ke fara irin kukan da ba ya lallasuwa, Kaka yakan yaye buhun ya ce a zauna sahu-sahu a ga teku. Kowane kifi da matsayinsa: wannan limami ne don kullum yana gaba, wancan dillali ne don ba ya tsayawa wuri ɗaya. Yara su shagala har a sauke tukunya. Kwanonsa kuma sau da yawa yakan tura musu, ya ce haƙoransa ba su iya jar dawa.

Daga nan ne kuma abin ya lalace. Wata ta ce ta jefa wa kifin Alhaji ɗan tuwo, ɗanta ya warke daga zawo. Magana ta zaga unguwa. An fita roƙon ruwa har an gaji, mutane na neman duk ƙofar da za su ƙwanƙwasa. Mata suka riƙa zuwa da loma a bakin zane, lomar da suka hana bakinsu, su faki idonsa su jefa. Wasu da 'yan kwalabe suke zuwa. Da idona na ga wata ta ɗura wa jariri koren ruwan nan a baki. Kaka ya bi ta da sanda har ƙofa.

"Kashin kifi ne! Kashin kifi da gishirin miya! In albarka kike nema ga masallaci can, in magani ne ga likita!"

Ya sa kafinta ya yi wa akwatin murfin katako da kwaɗo, makullin kullum a aljihunsa. Aka ce ya yi rowa da albarka. Ya ce ya ji.

Ciwonsa bai daɗe ba. Da aka cire masa riga don wanka, aka miƙa wa Goggo abin da ke aljihu, makullin na ciki. Haka aka yi murfin ya koma jingine da bango tun ranar farko.

Na same ta a gefe, na durƙusa. "Goggo, don Allah a rufe. Ya hana. Kashe su za a yi."

"Ke, 'yar lakwal, bokonki ya ishe ki. Ubana ne ko naki? Abu mai rai, a ci gumba a gabansa a hana shi? Ya hana kansa ladan nan yana raye, ba zan bari ya rasa shi a kabari ba."

Da hawaye ta faɗa, ba da fushi ba. Mahaifina ya riga Kaka tafiya, maigidana na ci-rani a Kano, ba ni da wanda zai tsaya mini sai Baffa, yayan mahaifin nawa. Na je na same shi a ƙofar gida.

"'Yata, ki bari a share makoki," in ji shi. "In yi sa'insa da yayata gaban baƙi a kan kifi? Me za a ce?"

Duk wanda ya shigo gaisuwa sai ya jefa nasa. Gumba, ɓarin waina, har goro da aka tauna. Ina madafa, in na sami sarari in rugo da ludayi in kwashe abin da na iya, in hura iska da famfon keken, a kira ni in koma. Kafin in dawo an zuba wani. Abin da ruwan ke bukata shi ne a janye a sa sabo, na sani sarai. Na nemi tulu ɗaya. Goggo ta nuna mini layin butoci ta ce baƙi ba su sami na alwala ba, kuma ba ƙarya ta yi ba.

Da farko ruwan ya yi fari-fari kamar tsari, ruwan wankin hatsi. Sannan ya yi kore. Gumbar da ta nutse ta kumbura ta fid da farin gashi, jar gansakukar nan ta haye rassan murjani ta lulluɓe su, kumfa mai yauƙi ta taru a gefe. Wari ya isa har madafa, ya shiga cikin tuwon da nake tuƙawa. Waɗanda suka jefa gumbar su ne suka fara toshe hanci, suka janye tabarmi zuwa titi. Masu kwalabe kuwa ba su fasa ba, suna kau da fuska suna ɗiba, ruwan na ƙara yin ƙasa. Ban taɓa ƙyamar mutane irin ta makon nan ba, Allah ya yafe mini, kuma duk cikinsu ba mai mugun nufi ko ɗaya. Wannan ne ya fi ci mini rai. Da mugu ne da na san abin da zan ce masa.

Da safiyar sadakar bakwai na shigo na tarar da kifin duk a sama, bakuna a buɗe suna haɗiyar iska. Na kama famfon na yi ta hurawa har kafaɗuna suka sage. Limamin ne ya fara juyawa, farin cikinsa a sama, sauran suka bi ɗaya bayan ɗaya ina kallo.

Tsohuwar Tirmini ta leƙo ta ɗaga hannu. "Allahu akbar! Kifin ma sun bi shi! Ba mu ce muku waliyyi ne ba?"

Zaure ya ɗauki kabbara. Goggo ta fashe da kuka tana cewa dabba ma ta san wanda ta rasa. Na dube su, na dubi gumbar da ke ruɓewa a gindin gilashi, na rufe bakina don in na buɗe ba alheri ne zai fito ba.

Na tsamo su a tasa, na nufi bayan gida inda Kaka ke binne nasa. A bakin rumbu wata ta tare ni, matar ɗan ƙanin Kaka, cikin waɗanda suka zo daga Gouna. Jego take, nononta ya ƙafe, jaririn na bayanta ko kuka ba ya iyawa sosai. Tunda ta zo ban taɓa jin ta roƙi komai ba.

"Yaya, ina za ki da su?"

"Binnewa."

"Binnewa," ta maimaita. Ba ni take kallo ba, tasar take kallo.

Na san hukuncin, abin ruwa halal ne ko ya mutu da kansa, waɗannan kuma yanzu suka mutu, wani ma bai gama motsi ba. Na tsaya da tasar a hannu. Sannan na juya madafa. Da na farke cikinsu gumba ce cunkus, jar dawa, ba ta ko narke ba. Na wanke su da ɗan ruwan da na aje na sha, na wanke na sake wankewa, warin bai bar hannuna ba. Babu mai, sai na gasa a garwashi na barbaɗa yaji.

Ta zauna a inuwar rumbu ta juya wa mutane baya. Ta ci nama, ta tauna kai, ta tsotse ƙaya ɗaya-ɗaya, ba ta bar ko ido ba. Ta suɗe yatsu, ta ɗago ta ce, "Allah ya kai ladan kabarin Baba Alhaji."

Na ce amin, kuma har zuciyata na faɗa. Sannan na zaga bayan ɗaki na amayar da duk abin da ke cikina.

Ya Allah, ga bawanka ya zo maka da tsagaggun leɓɓa. Ka yafe masa, ka yalwata masa makwanci, ka shayar da shi daga tafkin Annabinka, ruwan da ba ya gurɓata. Mu kuma da ya bari, ka ji ƙanmu ka sauko mana da na sama.